Filin Tambaya da Amsa: Tsofaffin Wasannin Barkwancin Kanada da Sirrin Kwaikwayon Fim

Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya yi karatu a Kanada, kuma ya dawo da kaset-kaset na bidiyo da aka rubuta wa SCTV a jiki. Muna yara mukan ji shi yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai a falo. Allah ya yi masa rasuwa, kaset ɗin na nan a akwati. Wane irin shiri ne wannan?
*Daga wata mai karatu, Unguwar Rimi*

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

SCTV shirin gajerun wasannin barkwanci ne da aka fara nunawa a 1976 a tashar Global ta birnin Toronto, ya ƙare a 1984. 'Yan wasan yawancinsu sun fito ne daga ƙungiyar wasan dandamali ta Second City reshen Toronto. Wataƙila kin san fuskokinsu ba tare da kin san sunayensu ba. Uwar yaron da aka manta a gida a fim ɗin Home Alone, Catherine O'Hara ce. Mai ƙibar nan mawaƙi da ya rage mata hanya a mota, John Candy ne. Da su aka fara shirin, tare da Eugene Levy, Joe Flaherty, Andrea Martin, Dave Thomas da Harold Ramis. Rick Moranis ya shigo a 1980, Martin Short kuma a 1982.

Dabarar da ta ɗaga shirin guda ce. Maimakon a jera wasanni barkatai, sai suka ƙirƙiro wata matalauciyar tashar talabijin a wani gari na ƙarya mai suna Melonville, aka mai da shirin tamkar abin da tashar ke watsawa daga safe zuwa dare. Kina cikin kallon labarai, sai talla ta katse, sai fim ɗin dare, sai sanarwar mai tashar yana roƙon kuɗi. Duk na ƙarya ne, kuma mutum bakwai ko takwas ɗin nan ne ke sauya kaya suna yin komai. Mai tashar, Guy Caballero, yana yawo a keken guragu alhali ƙafafunsa lafiya lau, wai don a riƙa girmama shi. Mai karanta labarai shi ne kuma ke sa baƙar alkyabba da daddare ya gabatar da finafinan ban tsoro da sunan Count Floyd, sai dai kullum fim ɗin da aka aiko masa ba ya da ko ɗigon ban tsoro, ya rage nasa ya yi ta kukan kerkeci yana rantsuwa cewa yara za su firgita.

A 1981 tashar NBC ta Amurka ta ɗauki shirin ta mai da shi na minti 90, kuma marubutansa sun ci kyautar Emmy, babbar lambar yabon talabijin ta Amurka, a 1982 da 1983. Idan kaset ɗin Baba na waɗannan shekarun ne, to kin gaji mafi kyawun zangonsa.

To ni matsalata ita ce kunnawa. Ina da irin waɗannan kaset guda goma sha ɗaya. Na sa ɗaya a tsohon bidiyonmu, hoto yana birgima, babu kala, murya kamar ta aljani. Sun lalace ke nan?
*Wani malamin makaranta, Kawo*

Malam, da wuya a ce sun lalace. Alamun da ka lissafa na saɓanin tsari ne. Kanada da Amurka sun yi amfani da tsarin NTSC, mai layi 525 da hoto kusan 30 a daƙiƙa. Najeriya kuwa PAL take bi, layi 625 da hoto 25. Bidiyon da PAL kaɗai ya sani ba ya juya kaset a gudun da NTSC ke buƙata, shi ya sa murya ta karkace, hoto ya ƙi tsayawa.

Amma kafin ka sake cusa wani kaset a ko'ina, ka duba shi ta 'yar tagar roba da ke gabansa. Idan ka ga farin gari ko wani abu kamar saƙar gizo a gefen zaren da ke naɗe, fumfuna ce, kuma daminar Kaduna gwanar haifar da ita ce a akwatin da aka ajiye a ƙasa. Kaset mai fumfuna kada ya shiga inji. Zai toshe kan bidiyon, wato ɓangaren da ke karanta zaren, sannan ya shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo bayansa. Ware shi a leda daban. Masu tsabta kuma, ka karya ɗan harshen roban da ke bayansu in har yana nan, don kada hannu ya kuskure ya danna maɓallin ɗauka a goge abin da ake son ceta.

Injin da za ka nema shi ne wanda aka rubuta wa NTSC a goshi. Masu gyaran rediyo da talabijin na Tudun Wada da Kasuwar Barci su ne wurin tambaya, domin irin waɗannan injina sun fi yawa a ƙarƙashin teburinsu fiye da a shago. Ka tafi da kaset ɗaya a gwada a gabanka. Ka tabbata injin yana karanta gudun EP, saboda mutanen can sun saba cusa awa 6 a kaset na awa 2 don tsimi, kuma ba kowane inji ke iya bin wannan ba. Idan kuwa injin daga Kanada ya zo, wutarsa 120 ce, tamu 230. Ka jona shi kai tsaye, ƙauri kawai za ka ji. Sai da taransifoma mai rage wuta. Mai ƙarfin wat 100 ta isa har da rara.

Sa kaset, ka tura shi gaba har ƙarshe, ka dawo da shi farko sau ɗaya kafin ka kunna, don zaren da ya shekara talatin a manne ya saki jiki. Idan layuka suna ratsa ƙasan hoto, maɓallin daidaita layi ne maganinsu. Idan hoton ya koma yayyafi gaba ɗaya amma murya na fita, kan bidiyon ne ya yi datti. A cire wuta, a buɗe murfi, a jiƙa farar takarda da sifirit ɗin goge na'ura, a ɗora ta a jikin gangar kan ba tare da motsa ta ba, a juya gangar da yatsa a hankali. Auduga ba ta shiga nan, zarenta na maƙalewa. Kuma ba a gogawa sama da ƙasa, nan take kan ke karyewa, in ya karye kuwa sai dai wani injin.

Kwashewa zuwa kwamfuta na buƙatar ƙaramar na'urar kama hoto mai shiga ramin USB, mai wayoyi uku: rawaya ta hoto, ja da fara na murya. A saita ta a NTSC, girman hoto 720 da 480. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Yawancin injinan da aka sayar a ƙasar nan masu cewa suna kunna NTSC, wani gaurayen sigina suke fitarwa da ake kira PAL 60. Akwatin talabijin yana karɓarsa da kala, amma na'urar kama hoto mai arha sai ta nuna shi baƙi da fari. Idan haka ta faru, nemi PAL 60 a saitin na'urar. In babu, sai an sauya ɗayansu. Awa guda na cin kamar gigabait 2 zuwa 3 in ana son hoto mai kyau. Kada ka shimfiɗe hoton ya cika faffaɗan allo. An ɗauke shi ne a ma'aunin 4 da 3, in ka ja shi kowa zai koma gajere mai faɗi.

Wanda ya sayi faifan DVD na shirin daga can shi ma zai iya cin karo da ƙulli: nasu na shiyya ta 1 ne, Najeriya tana shiyya ta 5. Injin da ba ruwansa da shiyya ne mafita.

Mu matasa ne biyar a Rigasa, muna yin gajerun bidiyo na barkwanci da waya. Mun gwada kwaikwayon fim ɗin 'yan sanda na Amurka, mu mun sha dariya wurin ɗauka, amma da muka ɗora ba wanda ya dara. Wani ya ce mu kalli na Kanada. Me suka sani da ba mu sani ba?

Samari, tambayarku ce ta fi kowace nauyi a wannan watan, don haka za mu ɗan zauna a kanta.

Cikin abin da kuka rubuto akwai amsar rabin matsalar: kun sha dariya wurin ɗauka. Ɗan wasan da ya san abin dariya yake yi, fuskarsa na tona shi, mai kallo kuma sai ya ji an riga shi. A 1981 'yan SCTV sun kwaikwayi fim ɗin The Godfather. Sun mai da mai tasharsu uban daba, shugabannin manyan tashoshin Amurka kuma suka zama iyayen gidan ƙungiyoyin da ke yaƙi a kan talabijin na biya. Ba wanda ya yi murmushi a cikinsu. Ɗakin duhu, magana ƙasa-ƙasa, kiɗa mai sanyi, sumbatar hannu, komai kamar na ainihi. Abu ɗaya tak suka sauya, wato abin da ake faɗa a kansa. Wannan ita ce ƙa'idar: a riƙe siffar fim ɗin da gaske, a musanya cikinsa da abin da bai kai ya kawo ba. In aka sauya siffa da ciki gaba ɗaya, ba kwaikwayo ba ne kuma, shirme ne.

Wayne da Shuster, wasu 'yan barkwancin Kanada biyu waɗanda suka riga su, haka suka yi tun a shekarun 1950. Sun ɗauki kisan Julius Caesar na wasan Shakespeare suka ba wa ɗan leƙen asiri mai zaman kansa irin na finafinan Amurka ya bincika, yana sanye da mayafin Rumawa yana magana kamar ɗan birni. Sau 67 suka fito a shirin Ed Sullivan na Amurka, ba wanda ya kai su.

Ga yadda za ku yi. Ku zaɓi fage ɗaya, ba fim sukutum ba, kuma fagen da mai shayin unguwarku zai gane cikin daƙiƙa biyar. A ce fagen tuhuma a ɗakin 'yan sanda. Ku kalli irinsa sau uku ba murya, da biro a hannu. Ku rubuta inda kyamara take, daga ina haske ke zuwa, daƙiƙa nawa ake yi kafin a yanka zuwa wata fuskar, me jami'in ke riƙe da shi. Za ku ga ƙwan lantarki ɗaya ne daga sama, bango babu komai, jami'i ɗaya mai zafi ɗaya mai lallashi, sai fayil da ake dangwarawa a tebur. Sannan ku saurara ba hoto, ku ji inda ake yin shiru da inda kiɗa ke shigowa.

Yanzu ku zuba naku. Laifin da ake tuhuma: an cinye ƙosan da aka ajiye wa maigida. Jami'in ya buɗe fayil a hankali, ya zaro hoton takardar da aka ƙunshe ƙosan, maiƙo ya huda ta. Ya tura ta gaban wanda ake zargi. Shiru na daƙiƙa huɗu. Ya ce, «Ka san wannan?» Wanda ake zargi ya haɗiye yawu, ya ce sai lauyansa ya zo. Ku hau mataki uku, kowane ya fi na baya tsanani: hoto, sai mai shaida da aka rufe wa fuska aka sauya wa murya (ƙanwarsa ce, kowa ya gane ta da hijabinta), sai sakamakon binciken yaji a yatsunsa. Bayan na uku ku tsaya. Na huɗu shi ke kashe wasa.

Tsawo kada ya wuce minti biyu zuwa uku. Shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a allo, don haka in rubutunku ya kai shafi biyar, ku ɗauko almakashi. Abin dariya na farko ya faɗo kafin daƙiƙa ashirin.

Sai batun rashin kuɗi, wanda muka san shi ke cin ranku. A nan ne mutanen Melonville suka fi amfani a gare ku. Farkon shirin kuɗinsu kaɗan ne ƙwarai, sai suka mai da talaucin kansa abin wasa: tunda tashar matalauciya ce, duk abin da ya fito a araha daidai ne. John Candy yakan fito a matsayin wani mutum, Dr. Tongue, mai finafinan da ake cewa hotonsu na fitowa ya taɓo mai kallo. Ba wata na'ura. Faranti kawai zai ɗauka ya miƙo shi kusa da kyamara ya janye, ya sake miƙowa, kiɗa na bin sa. Haka kuma a wani shirin barkwancin Kanada, The Kids in the Hall, Mark McKinney yakan zauna daga nesa ya rufe ido ɗaya, ya sa kan mai wucewa tsakanin babban yatsa da manuniya ya «murƙushe» shi. Wannan kuna iya yin sa yau da la'asar. Yatsu su kasance kamar taƙi ɗaya ko biyu daga kyamara, mutumin kuma taku ashirin zuwa talatin. Abin da ke ɓata shi shi ne waya na ta sauya inda take mai da hankali, yatsu su fito mutum ya dushe, ko akasin haka. Ku danna allo ku riƙe har ta kulle a kan mutumin, ku yi a fili da rana, kuma ku kafa wayar a kan abu. Hannu na rawa, kai na zamewa daga tsakanin yatsu.

Ku ƙirƙiri taku tashar. Tashar unguwa mai janareto ɗaya, mai karanta labarai shi ne mai tallan maganin basir, shi ne mai sharhin ƙwallo. Wannan zai ba ku uzurin yin komai a gajarce, ya kuma ba mai kallo mutanen da zai dawo nema. Misalin da ya fi shahara ya zo ne da tsautsayi. A 1980 da shirin ya koma tashar CBC ta Kanada, nasu zubin ya fi wanda ake nunawa a Amurka da minti biyu saboda ƙarancin talla, aka ce a cike gurbin da abin da ke nuna Kanada zalla. Moranis da Thomas suka ji haushin umarnin, suka sa hulunan sanyi da manyan riguna, suka zauna gaban taswirar ƙasar suna surutu marar kan gado a matsayin 'yan'uwa Bob da Doug McKenzie. Gatse suka yi, sai ga shi ya fi komai karɓuwa, har ya haifi fim a 1983.

Abu na ƙarshe, murya. Mai kallo na yafe hoto mai duhu, ba ya yafe maganar da bai ji ba. Ku sayi ƙaramin makirufo mai maƙalawa a wuyan riga, ku kashe fanka, ku nisanci janareto da bakin titi. Kuma kada ku liƙa dariyar da aka naɗa a bayan kowace jimla.

Me ya sa ba a fassara irin waɗannan zuwa Hausa kamar yadda ake yi wa finafinan Indiya?
*Mai sayar da faifai, Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi*

Alhaji, fim ɗin Indiya labari ne, labari kuwa yana tsallaka harshe. Kwaikwayo sai wanda ya san abin da ake kwaikwaya. Kaso mai yawa na SCTV tsokanar fitattun mutanen talabijin ɗin Amurka ne na wancan zamani, waɗanda ko matasan can na yau ba su san su ba. Wani wasan kuma a kan harshe yake tsaye. A wasan Caesar da muka ambata akwai raha da ta dogara kan yadda Latin ke bambanta tilo da jam'i. Ka juya ta yadda ka ga dama, ba za ta zauna a Hausa ba. Kwatanta da Samanja: Bature zai ga marigayi Usman Baba Pategi da kakin soja yana tsawa, amma daɗin na cikin Hausar bariki da yake markaɗawa da Turanci, kuma wannan ba ya fassaruwa. Wanda ya ƙetaro mana ba wahala shi ne Just for Laughs Gags na Montreal, don ba a magana a cikinsa sam.

Ga kuma haƙƙin mallaka. Ɗora murya a kan aikin wani a sayar, sai da izininsa.

To mu masu kwaikwayon fa, doka ba za ta hau kanmu ba?
*Ɗaya daga cikin matasan Rigasa*

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta sa kwaikwayon barkwanci da zambo cikin abubuwan da aka yi wa sassauci, Kanada ma ta yi haka a 2012. Sassaucin na wanda ya yi sabon abu ne da kansa, ba na wanda ya yanko fage ko waƙa sukutum ya manna ba. Kiɗa ne ya fi jawo matsala: YouTube da Facebook na gane waƙar wani da kansu, su toshe murya ko su karkatar da kuɗin talla. Ku nemi mai fiyano a unguwa ya buga muku abin da ke da ƙamshin na ainihin ba tare da ya bi karinsa ba. Kuma ku kwaikwayi hali, kada ku kama sunan mutum; ɓata suna shari'arsa daban.

Wanne zan iya kallo da yara?
*Wata uwa, Malali*

Hajiya, Wayne da Shuster sun fi kowa tsabtar baki. The Red Green Show, wanda ya gudana daga 1991 zuwa 2006, shi ma da sauƙi: wani dattijo ne mai gyaran komai da salatif mai ƙarfi, irin mutumin da za a yi maraba da shi a Panteka, sai dai duk abin da ya haɗa ƙarshensa tarwatsewa. SCTV sai kin riga su kallo kin zaɓa, domin akwai shaye-shaye, kuma Bob da Doug ba sa rabuwa da kwalbar giya da naman alade a kasko. The Kids in the Hall kuwa, wanda ya ƙare a 1995 ya sake dawowa a 2022, na manya ne zalla. Mazan biyar su ke fitowa a matsayin mata, kuma akwai batsa da wasa da addini da ba za su yi wa gidanki daɗi ba. In yaran ƙanana ne, fara musu da fagen da dattijon The Red Green Show ke gyaran mota, ki ɓoye salatif ɗin gidan kafin a gama.